Babban Yatsan Anti Akosua

Akwai wata Talata da ban taɓa mantawa da ita ba a aikin nan, cikin zafin nan da ke zuwa gab da damina. Ranar ce Dokta Fuseini, shugaban sashenmu, ya ajiye takardun sakamako biyu a gabana, ya ce in na'urata ba ta daidaita ba zuwa Juma'a, sito za a kai ta. Ku da kuka zo kuka tarar da ita tana aiki sumul, kuna danna maɓalli kuna latsa waya, ku gyara zama.

Aikinmu a ɗakin gwajin nan na Tamale shi ne auna gubar fumfuna a gyaɗa da masara. Masu niƙa gyaɗa da masu garin kunu su kawo samfur, mu niƙa, mu jiƙa shi a wani sinadari mai saurin tashi kamar fetur, mu tace. Daga nan a zuƙi ɗan kaɗan da fifet, wato bututun awon da ake dannawa da babban yatsa, a zuba a faranti mai ƙananan ramuka. Launin da ya fito shi ke faɗin yawan gubar. Tun kafin a ɗauke ni aiki mutum ɗaya ke wannan zubin, Anti Akosua, babbar ma'aikaciyar gwaji, mutuniyar kudu da ta yi shekaru a unguwar Gumbihini har Hausar kasuwa ta zauna mata. Hannu ɗaya ne, samfur kuma jibgi, don haka kaya kan yi mako uku a layi.

Ni a lokacin ƙaramin ma'aikaci ne, ga zafin kai, ga ji da kwamfuta. Na samu zanen wata na'ura mai hannu da ke yin irin wannan zubin a intanet, tare da manhajarta, wadda masu ita suka saki kyauta don kowa ya buɗe cikinta ya gyara yadda ya ga dama. Wani mai walda a unguwar Kalpohin ya haɗa mini ƙarafan, sauran kayan na tsinto su nan da can a bayan babur. Wata huɗu ina fama. Umarnin da na ba ta kuwa, daga takardar ƙa'idar aiki da ke manne a bango na kwashe shi, layi bayan layi, ban tsallake ko ɗigo ba.

Tun farko Dokta ya kafa sharaɗi: kowane samfur a gwada shi sau biyu, da hannu da na'ura, amma na hannu kaɗai za a ba mai kaya. Aka fara. Kullum lissafin na'ura yana ƙasa da na Anti. Inda ta ce akwai guba, na'ura sai ta ce da sauƙi. Maimakon in tsaya in yi tunani, sai na buɗe baki a gaban kowa na ce ai ƙarfe ba ya gajiya, hannun mutum ne ke rawa in shekaru sun ja. Wallahi har yau in na tuna sai in ji kamar in nutse. Anti ta ci gaba da zubinta. Daga ranar dai gaisuwa kaɗai ke haɗa mu.

Da Dokta ya yanka mini wa'adi, na rantse a raina na'urar nan ba za ta ga sito ba. Na kwance ta na sake ɗaurewa. Na sa ta zuƙi ruwan famfo na auna a sikeli, ya fito cif. Na rubuta wa masu manhajar a dandalinsu, wani daga ƙasar sanyi ya amsa cewa tasa lafiya lau take, in duba wayoyina. Wayoyi ƙalau. Sai ran Laraba da la'asar, na kifa haɓa a kan tebur don gajiya, na ga ɗan ɗigo ya faɗo daga bakin bututun tsakanin kwalba da faranti, ya bushe kafin in ƙifta ido. Ashe a hanya take zubar da samfurin. Amma me ya sa ruwan famfo ba ya ɗiga, sinadari na ɗiga? Kuma me ya sa na Anti ba ya ɗiga, alhali fifet iri ɗaya ne?

Ran Alhamis da safe na haɗiye girman kaina, na je gefen kujerarta na tsuguna yadda Dagomba, mutanen ƙasar nan, ke gaida manya. Ta dube ni ta saman tabarau.

"Tashi, Razak, ni ba sarki ba ne. Jawo kujera, rufe baki, ka duba."

Na zauna ina kallon hannunta, abin da ban taɓa yi ba a shekara biyu. Kafin ta ɗauki kowane samfur, sai ta zuƙa ta mayar cikin kwalbar sau uku, yatsan na motsi da sauri har ba ka lura, sannan ta ɗauka ta zuba nan take. Na ce mata wannan ai babu shi a takarda.

"Wa zai rubuta wannan?" in ji ta. "In zafi ya yi, ruwan nan yana numfashi cikin bututu, yana tura kansa waje. Sai ka ba bututu ya sha sau uku tukuna. Kai ka tambayi takarda, ba ka tambaye ni ba."

Na ba ta haƙuri, ta ce haƙuri ba ya cika faranti, in buɗe kwamfutar. Amfanin manhajar da cikinta ke buɗe ke nan, ba sai mun jira wani kamfani ya turo injiniya ba. Na ƙara wa na'urar umarnin zuƙa da mayarwa sau uku, na matso da kwalba kusa da faranti. Anti na tsaye a kaina tana ƙirgawa da baki, tana cewa hannun na'urar nan yana tafiya kamar mai ciwon baya, in ƙara masa sauri. Na ƙara, ya fantsala. Na rage. Sai da muka ɓata faranti huɗu kafin ta shimfiɗa farar takarda a ƙarƙashin hanyar hannun, muka sa shi ya yi ta kai da komo, takarda ta fito a bushe.

Ran Juma'a kafin masallaci Dokta ya kawo samfuran makon, ya rufe sunayen masu su. Anti ta yi nata, na'ura ta yi nata. Ya jera takardun, ya bi su da biro har ƙasa, ya ga lissafin ya zo ɗaya, ya sa hannu. Ina shirin yin murna sai ya ɓare abin da ya rufe sunayen da shi, ya tura mini biyu. Samfuran da na'urata ta wanke ran Litinin ne, yau kuma ita da kanta ta ce cike suke da guba. Na wata mata ne a unguwar Vittin mai haɗa garin kunun jarirai.

Da Dokta ya biye wa bakina, da sakamakon Litinin ne zai fita, da sa hannuna a ƙasa.

Gyaran nan na mayar wa masu manhajar don masu aiki a ƙasashen zafi, na rubuta cewa daga Anti Akosua ya fito. Abin da na koya kuwa shi ne, takardar bango rabin aikin kawai take ɗauke da shi, sauran yana hannun waɗanda suka daɗe suna yi, su ma ba su san suna yi ba sai an zauna an duba. Shi ya sa ba na barin kowa a cikinku ya koya wa na'urar sabon gwaji sai ya wuni yana kallon mai yi da hannu, ko da digirinsa ya kai goma.

Matar Vittin ta zo da kanta da yamma. Ta yi faɗa, ta yi kuka, Anti ta zaunar da ita ta yi mata bayani a hankali. Washegari aka ƙona garin, bai shiga bakin yaro ko ɗaya ba.