Benci Ashirin na Aji Uku

Ranar Litinin, tara ga Satumba, da ƙarfe takwas saura kwata, wata sabuwar malama ta shigo ofishina da takardar kama aiki. Ni ne akawun makarantar firamaren, a lokacin shekarata goma sha tara ina riƙe da rajista. Aka ba ta aji uku: yara hamsin da takwas, benci ashirin, allo ɗaya mai tsaga.

"Malam Akawu, bencunan nan a kafe suke da ƙasa?" Tambayarta ta farko ke nan.

Na ce a'a.

"To, madalla."

Daga baya na san dalili. Mahaifinta mai gyaran rediyo ne, kuma bai taɓa nuna mata inda ya lalace ba. Sai ya miƙa mata sukundireba ya ce, "Me kika gani?" A makaranta kuwa shekara shida ta yi a bencin baya, ga in'ina, ba malamin da ya taɓa jira ta ƙarasa magana. Ta fita firamare da littattafai cike da rubutun da ba ta iya karantawa.

A makon farko ta ja bencunan nan ta yi musu da'ira biyar. Yara suka riƙa fuskantar juna. Suna auna tsawon aji da igiya, suna lissafi da murafen kwalba, wanda ya gane ya koya wa na kusa da shi. Ita kuwa tana zagayawa tana tambayar abin da suka gani, har suka laƙaba mata Malama Me-kuka-gani.

Hedimasta bai ji daɗi ba. "Malama, aji ne wannan ko tasha?"

"Ranka ya daɗe, a tasha ma ai kowa ya san inda za shi."

Ita ta roƙe ni in riƙa zuwa ƙarshen kowane wata in saurari yaran suna karatu ɗaya bayan ɗaya, don kada a ce ita ta yabi kanta. A Satumba yara tara ne ke iya karanta layi uku. A ƙarshen Fabrairu, arba'in da ɗaya. Da kunnena na ji, da hannuna na rubuta.

Ranar sha biyu ga Maris sufeton makarantu ya zo. Minti goma sha huɗu ya yi a ajin, na duba agogo. Bai sa yaro ko ɗaya ya yi karatu ba. Littattafan rubutu ya karɓa yana ƙirga shafukan da aka kwafa daga allo. Ɗaya ajin ukun da ke makarantar yana da shafi sittin da huɗu. Nata goma sha ɗaya.

"Wata shida, shafi goma sha ɗaya! Me kike yi a nan?"

"Yallaɓai, zaɓi yaro. Kowanne ka ga dama. Ba shi takardar da ke hannunka ya karanta maka."

"Ba jarrabawa na zo yi ba."

Na ruga ofis na ɗauko fayil ɗina, na buɗe masa a kan tebur. Ya yi masa kallon hadarin kaji, ya ce fom ɗinsa ba shi da gurbin wannan. Gurbi! Yara talatin da biyu sun koyi karatu, amma takardar mutumin nan ba ta da inda za a sa su. Hedimasta yana tsaye yana gyaɗa kai kamar ƙadangare, alhali 'yarsa ta cikinsa tana cikin talatin da biyun nan.

Aka ba ta mako ɗaya ta mayar da bencuna sahu-sahu, ta cike gibin kwafi. Ta ce kwafi za ta ƙara, amma ba za ta sake juya wa yara ƙeyar juna ba. Hedimasta ya rubuta takardar tuhuma, aka kawo mini in buga. Na buga. Ko kuskuren harafi ɗaya babu, kuma har yau in na tuna sai raina ya ɓaci, don ko tari ban yi ba.

Da ta zo sa hannu ta karanta har ƙarshe, ta ɗago. "Malam Akawu, takardar yaran nan, kada ka yar."

Ban yar ba. Tana aljihun tebur na biyu.

Ranar uku ga Afrilu aka ɗauke ta daga aji. Washegari aka kira kafinta ya kafe bencunan da ƙusa a ƙasa. Na ci gaba da sauraron yaran har ƙarshen shekara, ba wanda ya sa ni. Adadin ya tsaya a arba'in da biyu.

An mayar da ita ofishin ilimi, ɗakin ajiye fayil. Shekara shida ke nan tana buga hatimi a can. Sau huɗu ta rubuta a mayar da ita aji, ba a amsa ko ɗaya ba.