Hannun da Na Ce Yana Ƙarni

Jiya jikata ta ƙi barci. Ina bubbuga bayanta sai na ji bakina yana jero sunayen kifi, nan take na tuna Iya, kakata.

Shekarar da Turawa suka kwashi Baba aikin shimfiɗa layin dogo a Malam Madori, barci ya ƙaurace mini. Da na rufe ido sai in zabura da kuka. Iya, mai bandar kifi a bakin kogin Haɗeja, takan kwantar da ni a cinyarta tana shafa bayana: "Tarwaɗa ta kwanta, karfasa ta kwanta, ragon ruwa ya kwanta, saura ke." Ban taɓa jin ƙarshen ba.

Wata rana a gaban ƙawayena na ce, "Ni hannun Iya ƙarni yake." Ashe tana bayan zana.

Da dare ta zo, ta dirje hannun da toka har ya tsattsage. Ta ce, "Sunsuna, 'yar nan. Ya fita?"

Na yi lamo kamar mai barci. Har ta rasu ban ba ta haƙuri ba.

Allah ya sanyaya makwancinki, Iya, kamar yadda kika sanyaya nawa. Ki yafe mini.