Malam Maikano Mai Oba-oba da Safiyar da Unguwar Kuza Ta Yi Shiru

Shekara goma sha bakwai ke nan, kullum kafin ƙarfe takwas Malam Maikano ya jingine kekensa a bayan ofishin lafiya na Tudun Wada, ya goge bakin batir, ya leƙa eriya, sannan ya kunna oba-oba, akwatin rediyon da ake kira da shi. A layi na uku duk ɗakunan shan magani na yankin suke haɗuwa, kowa na jin kowa, shi ya sa ake kiran layin zauren Maikano. Yakan kira su ɗaya bayan ɗaya, daga Yako har Doguwa, kuma ba ya tsallake wanda bai amsa ba. Mutum ne mai naci, wallahi har ya ba ka haushi.

Ranar wata Talata a daminar 1991, ya kira Unguwar Kuza, wani ƙauye can bayan Riruwai, shiru. Ya sake, shiru. Malam Surajo na Doguwa ya ce, “Batirinsu ne ya yi sanyi, Malam, mu ci gaba.”

“Batir mai sanyi yana shuu,” in ji Maikano. “Wannan ko shuu babu. Kuma Malama Salamatu, mai kula da ɗakin shan maganinsu, ba ta taɓa fashi ba.”

Ya bi wayarsa da hannu har jikin eriya, lafiya lau. Ya sa Doguwa ta kira, ita ma shiru. To, in ba a nan matsalar take ba, ina muryar ta tafi? Doka ta hana taɓa layin wasu, amma ya murɗa maɓallin yana saurare. A layi na huɗu, na malaman gona waɗanda sai azahar suke kunnawa, sai ga muryar mace duk ta dishe.

“Tudun Wada, don Allah ku amsa. Tudun Wada...”

“Malama Salamatu, ni ne Maikano. Me ya kai ki layi na huɗu?”

“Baba, a uku nake, ga lambar ina gani. Tun hantsi bai yi ba nake kira. Kububuwa ta sari Kande matar Hamman a wurin tatsa, dasashinta ya fara jini, ni kuma ba ni da allurar dafi.”

Allurar tana Doguwa, kuma dole Surajo ya ji bayanin daga bakinta, ga shi suna layi daban-daban. Maikano ya danne tsoronsa, ya tambaye ta ko an taɓa akwatin. Ta ce jiya an yi fenti, an ɗaga shi, maɓallin ya faɗo aka mayar.

“An mayar da shi a karkace. Daina kallon lambar. Murɗa hagu har ya tsaya, sannan ki dawo dama, ki ji ƙas sau biyu. In ba ki ji mu ba, ki ƙara ɗaya, zan dawo nan in duba ki, ina jiranki.”

Ya koma layi na uku. Waɗanda suke ofishin a ranar sun ce gumi har ɗiga yake daga haɓarsa, don ya san in ta ɓata a tsakiya ba shi da wata hanyar samunta. Can sai ga sallamarta, zaure duka ya amsa. Tana gama yi masa bayani Surajo ya ɗaure allura a bayan babur ya kama hanyar Riruwai cikin taɓo.

Malam Maikano, kai ne wanda shirun wani yake hana shi zama. Kai ne daga baya ka bi ƙauyuka a motar kasuwa, kana ɗaure kowane maɓalli kana koya wa ma'aikata ƙirga ƙas da kunne. Mai haƙuri, ba a taɓa kiran sunanka a taro ba.

Makon jiya ya ajiye aiki, kuma in faɗi gaskiya hankalina a tashe yake. Gyaran akwati ana koyonsa a wata uku. Wa zai damu in wani ƙauye ya yi shiru?

Ana shirin tashi daga 'yar walimar bankwana da aka yi masa sai ga wata Bafulatana tana ɗingishi, mijinta na biye da ƙwaryar nono. Kande ce. Yatsu biyu na ƙafarta sun tafi, amma ga ta da ranta. Ta dudduba mutane, don ba ta taɓa ganinsa ba. Da aka nuna mata shi sai ta durƙusa.

“Baba, ina kwance ina jin ka a cikin akwatin nan kana cewa kana jira. Na ce to, ni ma bari in jira.”

Maikano ya ɗaga hannu ya gyara hularsa.

Mun gode, Malam, Allah ya saka da alheri, ya sa hutun ya zo da lafiya. Ku kuma da kuka gaji kujerar, in kun kira ba a amsa ba, don Allah kada ku ci gaba.