Kitsen da Aka Yi wa Inna Alkawari

Shekarar da nake aji biyu na ƙaramar sakandare, maza huɗu na layinmu a Sabo, unguwar Hausawa a ƙasar Yarabawa, suka ce sun gaji da sayen naman Sallah a faranti. Baba ne, da Kawu ƙanin Inna mai gyaran waya, da telan ƙofar gidanmu, da mai shayin bakin masallaci. Suka tafi kara, kasuwar shanu ta Akinyele, suka dawo da wani farin sa ramamme, haƙarƙarinsa a waje kamar kwando. Wai za su turke shi ya yi ƙiba, idan ƙaramar Sallah ta zo a yi watanda, a raba naman huɗu. Cikinsu babu wanda ya taɓa kiwon ko da zakara.

A Sabo fili ba ya zama banza. Inuwa ɗaya ce a layin, rumfar da Inna take suyar awara. Baba ya shigo yana murmushin da yake yi idan zai roƙi abu.

"Ki ba mu aron rumfar nan. Da dusar awararki."

"Ni kuma in soya a ina, Malam? A kan kaina?"

"Kitsen san duka naki ne. Har na tozo. Mu huɗu mun amince."

Na ga idon Inna yana auna tukwane. Kitsen sa guda, idan aka narka, zai daɗe yana yi mata suya. Ta kwashe murhunta ta koma bakin kwata, cikin rana, inda kowane okada, wato ɗan acaɓa, ke watsa mata ruwa.

Harawa da kowar wake daga Arewa ake kawo su, tsadarsu ta fi ƙarfin mazan. Sai suka koma kan abin da gari ke zubarwa: ɓawon rogo daga wurin matan Yarabawa masu yin gari, ganyen kabeji da ya ruɓe a kasuwar Shasha, da dusar Inna. San kuwa bai yi fushi ba. Ya ci, ya kwanta yana tuƙa, gashinsa ya fara kwanciya. Da sun bar shi haka, da na rasa abin rubutawa.

Sai Kawu ya zo da wayarsa. Ya nuna musu wasu shanun Turawa masu faɗin ƙofa, ya ce sirrin mai ne, ɗan kaɗan a cikin abinci. Tela ya ce ƙarya ce. Mai shayi ya yi dariya har da buga cinya. Baba ya ce shanun kakanninmu ba su sha mai ba. Aka watse a kan ba za a sa ba.

Ni ce nake tace waken awara a bakin taga, kuma ni ba a ganina. Ko gaishe da mutum na yi, sai ya waiga yana neman inda muryar ta fito. Don haka na ga komai. Kawu yakan zo da hantsi da kwalbar man gyaɗa a aljihun wando. Tela, wanda ya ce ƙarya ce, yakan zo da manja a robar ruwa, ya duba hagu da dama kamar mai satar takalmi. Mai shayi yakan juye sauran man da ya soya ƙwai. Shi kuwa Baba, baƙin man kaskon Inna yake ɗiba da ludayi, yana tari don kada a ji ƙarar. Kowa so yake ranar yanka ya buga ƙirji ya ce shi ne.

Bakin san ya koma ja yana ƙyalli. Igiyarsa ta yi santsi, tururuwa suka yi layi a kanta. Sai na lura ya daina tuƙa. Yakan sunkuya kan baho ya shinshina, ya ɗago ya kalle ni. Kashinsa ya zama ruwa, wari ya kori masu sayen awara har daga bakin kwatar. Tozonsa ya kwanta gefe kamar tsohuwar hula.

Na faɗa wa Inna a kunne. Ta ajiye matsami, ta fita da hayaƙi a ido, ta same su a benci.

"Wanne ne a cikinku bai zuba wa dabbar nan mai ba?"

Babu wanda ya kalli wani.

"Yaya, nawa a kan ƙa'ida yake," in ji Kawu. "Manjan wannan ne wahala. Sa ne ko miyar ewedu?"

"Kai, yaro, da bakinka!" in ji tela. "Shebi, ba kai ka kawo mana fitinar a waya ba?"

Mai shayi ya ce nasa ma albarka ce, da albasa a ciki. Baba ya ce a yi haƙuri, azumi ake yi. Suka rantse an daina. Washegari na ga su duka huɗun, ɗaya bayan ɗaya, kowa da kwalbarsa. Yanzu kuma magani suke ba shi, na ɓarnar da man sauran ya yi.

Sallah da sauran kwanaki san ya kwanta ya ƙi tashi. Aka kira mahauci da gudu, ya zagaya shi sau ɗaya.

"Oya, ku kawo ruwa. In kun tsaya shawara zai riga ku."

Aka yanka, aka feɗe. Na tsaya a bayan Inna riƙe da babbar tukunyar da ta wanke tun farkon azumi. Mahauci ya laluba ciki, ya laluba tozo, ya kankaro wani abu fari-fari ya jefa a tukunyar. Na ji ƙararsa a gindinta. Bai kai cikin tafin hannuna ba. Mazan kuwa sun duƙufa kan kasonsu na jan nama mai tauri, suna gardamar wa aka fi ba ƙashi.

Inna ta ɗauki kitsen ta yanka shi huɗu daidai, ta ɗora a murfin tukunya, ta ce in miƙa wa kowa nasa. Na miƙa, kaina a ƙasa. Tela ya karɓa har da cewa madalla.

Kafin su gama wanke hannu ta tuge turken, ta watsa toka a wurin, ta mayar da murhunta cikin rumfa. Baba ya matso yana wannan murmushin, ya ce baɗi in Allah ya kai mu sun riga sun gane kan abin.

"Baɗi ku ɗaure shi a shagon tela," in ji Inna, tana hura wuta.