Da Birona Na Ƙara wa Ɗan Mutane Shekara Uku

Edita, ina yi maka sallama. Don Allah kada a sa sunana, ni ma ba zan kama sunan kowa ba, duk da akwai waɗanda suka cancanci a kwance musu zani a kasuwa, kuma ni ce ta farko a cikinsu. Malamar firamare ce ni a da. Shekara goma sha ɗaya na yi ina riƙe da alli a wata makaranta a Gomari, na san yara kamar yunwar cikina. Yaro ya buɗe baki sau ɗaya, zan faɗa maka ajinsu. Ana nan sai aka ce wata ƙungiya ta samu tallafi daga ƙasar waje don sa ido kan haƙƙin yaran da suka faɗa hannun hukuma. Na nema, aka ɗauke ni. Aka ba ni riga mai tambari da katin ratayawa a wuya, mota mai sanyi tana zuwa har ƙofar gidanmu a Jiddari Polo. Nan da nan na fara hura hanci, tsofaffin abokan aikina suna tsokanata wai alli ya fara yi mini wari.

Aikin ba shi da wuyar ganewa. Mu zagaya ofisoshin 'yan sanda da kotuna da gidan yari da fom a hannu, duk wanda muka samu bai kai shekara sha takwas ba mu rubuta shi, lauyan ƙungiya ya nemi a raba shi da manya, ko a ba iyayensa belinsa. Shekarar farko mun yi aikin tsakani da Allah. Da wa'adin tallafin ya kusa ƙarewa, sai shugabarmu ta tara mu ta ce masu ba da tallafin suna son ganin sakamako kafin su sabunta, kuma sakamakon da zai burge su shi ne rahoton da ya ce babu sauran yaro ko ɗaya a cikin manya. Ba ta ce mu yi ƙarya ba, wayonta ya wuce nan. Cewa ta yi mu daina bin tausayi, wanda ba shi da takardar haihuwa mu bi abin da aka rubuta a takardar tuhumarsa. Dukanmu mun fahimce ta, kuma babu wanda ya yi tari.

A makon ne na shiga gidan yari, ɓangaren masu jiran shari'a. Aka jero mana su a tsakar rana, ina bi ina tambaya. Can a ƙarshen layi sai wani dogo siriri ya ɗaga hannu kafin ya yi magana, irin ɗagawar 'yan aji. An kamo shi ne a Kasuwar Shanu ranar da rigima ta ɓarke a kan wani sa da ya ɓata, aka ji wa mutum ciwo, aka kwashe duk wanda aka samu a wurin. Takardarsa ta ce sha takwas. Ai kusan duk yaron da aka kama ba shi da gata sha takwas gare shi, ka rantse rana ɗaya aka haife su. Ya kira ni Malama, ya ce shekararsa sha biyar, sau biyu kacal ya taɓa kai azumi ƙarshe. Muryarsa ma ba ta gama buɗewa ba, tana karyewa a tsakiyar magana. Wallahi na san gaskiya yake faɗa, da a ajina ne ko tambaya ba zan yi ba. Na dubi tsayinsa don in samu abin da zan kare kaina da shi, na sunkuyar da kai, na rubuta sha takwas.

Bayan kwana biyu mahaifinsa ya zo ofishinmu. Dattijo ne, dillalin shanu, Hausarsa da nauyin Barebari. Kwana uku yana zaman benci kafin na yarda na gan shi. Ya kira ni 'yata, ya ce takardunsu duk sun ƙone lokacin da suka gudo daga ƙauyensu, amma mako ɗaya aka haifi yaron da 'yar maƙwabcinsu, ga ta nan ba ta gama ƙaramar sakandare ba, in ina so ya kawo ta da iyayenta. Da ya ga ina ta danna waya, sai ransa ya ɓaci. Ya ce ko sa za a saya sai an buɗe bakinsa an duba haƙora kafin a yanke shekarunsa, ashe ɗansa bai kai darajar sa ba? Ni kuma, don rashin kunya, na ce masa a nan da takarda muke aiki, ba da haƙora ba. Har yau in na tuna bakina ne ya faɗi haka ga sa'an ubana, sai in ji kamar in mari kaina.

Na tura shi kotu ya yi takardar rantsuwa kan shekarun yaron, ina zaton ba zai iya ba. Ya yi, ya kawo. Na kai wa shugabarmu, ta ce rahoto ya riga ya tafi, in muka taɓa shi yanzu mun ƙaryata kanmu, in ajiye takardar sai an shiga sabon zango. Na sa ta a durowa. Aka sabunta tallafin, aka kama ɗakin taro a otal, aka ci kaji, aka tafa mini a matsayin wadda ta fi kowa ƙwazo. Sabon zango ya zo da tarurrukan horarwa, ziyarar gidan yari ta koma sai an ga dama. Dattijon ya dawo sau biyu, na ce wa mai gadi ya ce ba na nan. Ba zan ce na manta ba, ƙarya ne. Duk sanda na ja durowar nan ina ganin takardar, sai in ɗora wata a kanta.

Shekara uku bayan haka na je Kasuwar Shanu sayen ragon suna, sai ga ni ga dattijon nan. Ya gane ni kafin in kauce. Bai zage ni ba, da ma zagin ya yi da na fi samun sauƙi. Ya ce an sako yaron watan jiya, don babu wanda ya taɓa zuwa kotu ya ce shi ya yi wa laifi. Na roƙe shi ya kai ni in ga yaron. Na same shi zaune a zaure ya juya wa ƙofa baya, ya rame, yana tari, in an ajiye kwano da ƙarfi sai ya zabura ya kare kansa da hannu. Uban ya ce ba ya fita, ba ya yarda kowane namiji ya zauna kusa da shi, har shi da ya haife shi. Ban tambayi abin da aka yi masa a ciki ba, ba ni da wannan ƙarfin halin. Na durƙusa na ce ya yafe mini. Ya dube ni, ya ce ai ya gaya mini gaskiya ranar nan, ya mayar da fuskarsa bango. Da uban ya rako ni waje, sai ya ce in kwantar da hankalina, yanzu yaron ya cika sha takwas, takardata ta zama daidai.

Na ajiye aikin, na koma aji. Har yanzu ina jin haushin wanda ya fara rubuta ƙaryar, da shugabar da ta fi son tafi a kan ran yaro, da masu ba da tallafin da suka ga rahoto fes ba su tambayi yadda aka yi ba. Amma haushin kaina ya fi, domin su ba su ji muryarsa ba, ni na ji. Iyaye, ku yi wa 'ya'yanku takardar haihuwa, in ta ɓata ku sake, kada ku jira ranar da za a ce ku kawo. Ku kuma da aka ɗauka don ku zama idon yaran nan, ku sani in kuka rufe ido babu wani a bayanku da zai duba. Duk ranar da aka ce ku gyara rahoto don aiki ya ɗore, ku ajiye biron ku tashi. Ni ban tashi ba, kuma shekara ukun da na ɗauke wa yaron nan ba ni da inda zan samo su in mayar masa.