Ranar da Muka Tsare Jakadiya a Shingenmu

Akwai ranar aiki ɗaya da ba za ta taɓa fita daga raina ba ko da na yi ritaya na tsufa, ita ce ranar da muka shirya wa wata jakadiya tsaron da ya kai tsaro, har ita kanta ta kasa ratsa shi.

Lokacin ina ƙaramar ma'aikaciya a sashen karɓar baƙi na wani ofishi a Birnin Kebbi. Aka ce jakadiyar wata ƙasa za ta je Argungu ta gana da manoman shinkafa, ƙasarta na tunanin taimaka musu da injinan ban ruwa. Da yake ni ce mai ɗan dama-dama a Turanci, sai aka ce ni zan yi tafinta.

Oganmu mutum ne da ya taɓa zuwa kwas na tsaro a waje, kuma bai bar kowa ya manta da hakan ba. Ko shayi za a kawo masa sai ya tambayi wa ya dafa. Da mai gadin jakadiyar, wato mai tsaron lafiyarta, ya riga ta isowa don duba hanya, buƙatunsa kaɗan ne: mota mai lafiya, direba mai hankali, a san asibiti mafi kusa. Oga ya ji wannan ya yi masa arha. Ya ce shi yana da dabarar da manyan ƙasashe ke yi. Sakatariyar jakadiya ce za ta shiga baƙar mota mai tuta, ita kuma jakadiya a saka ta cikin wata tsohuwar motar ofis marar ko alama, a tsakiyar jerin gwano. Sannan kowa ya kashe wayarsa, kada maƙiya su bi sawunmu. Su wane ne maƙiyan, har yau ban ji ba.

Da na ce, "Yallaɓai, ba za a gaya wa 'yan rakiya ba?" sai ya dube ni kamar na zagi mahaifinsa.

"Hajiya, sirri kenan. In kowa ya sani, ina sirrin?"

Na ce Allah ya ba da sa'a.

Ran tafiya na baro gidana a Gwadangaji cikin keke napep tun da sassafe, na iske an yi layin motoci a masaukin jakadiya. Muka shiga tamu, ni da jakadiya a baya, mai gadinta a gaba kusa da direba. Dattijuwa ce mai furfura, ta yafa ɗan gyale, ba ta da yawan magana. Jiniya ta tashi, motoci suka fara fita. Muna kai bakin ƙofa wani jami'in rakiya ya hango tsohuwar mota na neman kutsawa cikin jerin manya. Ya yi abin da aka koya masa, ya daki bonet ya ce mu koma gefe. Kafin mai gadi ya gama sauke gilashi, jerin gwano ya yi gaba, shi ma jami'in ya ɗare bayan motarsu. Suka tafi da sakatariya cikin girma da ɗaukaka.

Direba ya taka iya ƙarfin motar, amma tsohuwa ce, mu kuma ba jiniya. Na kunna waya na kira Oga. A kashe. Na kira mataimakinsa. A kashe. Gaskiya ban taɓa ganin ranar da ma'aikatanmu suka bi umarni sau da ƙafa kamar ranar ba.

Mun yi nisa a hanyar Argungu sai muka tarar da cunkoso: motocin albasa, 'yan kabu-kabu, amalanke, duk an tsayar. Gaba an gindaya shinge. Na sauka na ratsa na sami babban jami'in wurin, na rage murya na ce jakadiya ce a motarmu.

Ya leƙa motar daga nesa ya yi dariya. "Hajiya, jakadiya ta wuce da tutarta, ni na sara mata. An ce kar a buɗe sai ta isa. Ke ce ta uku da ta ce min babban mutum ta ɗauko."

Mai gadi ya zo ya nuna katinsa. Jami'in ya jujjuya shi ya ce ai shi ba a ba shi umarni a kan kati ba.

Rana ta take, mutane sun fusata, ana ta tsine wa jakadiya da wanda ya gayyato ta, ga ta zaune a tsakiyarsu da mai gadi ɗaya tal. Da wani ya gane ta ya yi ihu, ban san inda abin zai tsaya ba. Motar kuma ba sanyi, ta zama tanda. Ita da kanta ta buɗe ƙofa ta nufi inuwar wata bishiya, mai gadi na binta yana zufa.

A inuwar akwai wata tsohuwa da kwandon ɗanyen kifi, tana ta kora ƙuda. Ta matsa mata a kan tabarma, ta dube ni.

"Ɗiyata, wagga baƙuwa ita ma an tsare ta?"

Na ce, "An tsare ta, Inna."

"Allah sarki. Ki hwaɗa mata ta yi haƙuri, wata jakadiya ce anka rufe muna hanya dominta. Kihina ya fara wari, jikokina na jiran abin da zan kai. In taimako taz zo yi, ta fara da barin mu wuce."

Jakadiya ta tambaye ni me ta ce. Na so in gyara maganar, in ce sannu da zuwa take yi. Amma ta tsare ni da ido, sai na fassara kamar yadda aka faɗa. Sai ta ce in tambayi Inna ko suna noma. Daga nan hira ta ɓarke. Manoman da ke tsaye suka matso, kowa na faɗin yadda ruwa ke cinye gona da damina, ya kuma gagara da rani. Ba wanda ya san da wa yake magana, shi ya sa ba wanda ya yi ƙarya.

Can sai rediyon jami'in ya yi ƙara. Muka ji ana cewa jakadiya ta isa Argungu lafiya, a buɗe hanya. Ta tambaye ni, na fassara. Ta ce ta ji daɗin samun labarin, don ta fara damuwa da kanta.

Ta ce a ɗauki Inna da kwandonta. Haka muka shiga Argungu a bayan motar albasa, muna ƙarnin kifi. A filin taro muka iske an zaunar da sakatariya a babbar kujera, an yafa mata zanen saƙi, ana mata kirari, ita kuma kamar ta fashe da kuka. Oga na kan jawabinsa, yana ta jan sa don ya ga tsohuwar mota ba ta cikin jeri, babbar rigarsa ta jiƙe sharkaf.

Jakadiya ba ta tona kowa ba. Ta hau dandamali ta gabatar da kanta, ta yi godiya, ta ce ta riga ta gana da manoma a hanya, ta roƙi kada a sake rufe titi saboda ita. Injinan kuwa sun zo daga baya.

Washegari Oga ya tara mu ya ce dabararsa ta yi aiki fiye da zato, tunda ko jami'anmu ba su gane ta ba. Aka yi masa tafi. Ni kuma aka ja min kunne a kan barin ɗanyen kifi cikin motar ofis.

Tun daga ranar, duk baƙon da aka damƙa min, sai na tabbatar mutumin da ke bakin ƙofa da wanda ke kan shinge sun san fuskarsa da motarsa, wayata kuma ba mai sa ni kashe ta. Abin da na koya shi ne, tsaron da aka ɓoye wa masu yin sa, aka kuma ƙuntata wa mutanen gari dominsa, ba baƙon yake karewa ba. Girman mai shirya shi kawai yake karewa.