Kaset ɗin Muntaka

Kullum da hantsi Muntaka yakan zura biro a ramin kaset ɗinsa, ya juya a hankali, kada damshin Jidda ya manne zaren. Yau ya laluba ƙarƙashin matashi, wayam.

Dako yake yi a tashar jiragen ruwa tun 1977, shekarar da ya zo Hajji bai koma ba. A can wani Bature ma'aikacin jirgi ya kunna masa kiɗan rok irin wanda bai taɓa ji ba: waƙa guda ta cinye gefen faifai, babu amshi, kiɗan ya ruga, ya yi tuntuɓe da gangan, ya dawo da baya. Muntaka, wanda ya tashi da gurmi a hannu, bai ƙara samun sukuni ba.

Shekara goma sha ɗaya yana haɗa nasa kiɗan a ɗakinsu na unguwar Nuzla. Ya ɗauki kukan jirgi, da jan sarƙa, da gurmin da ya ɗaura wa wayar ƙarfe. Ya yanka zaren da reza, ya juya shi, ya liƙe da jan farce. Kaset ɗaya tal. Injinan tasha sun riga sun cinye masa kunnen hagu, na dama yana bin sawu. Ba zai iya sake wani ba.

"Bashira! Ina kaset ɗina?"

Ƙanwarsa ta leƙo, riƙe da rikoda.

"Wanda ya lalace? Na kunna, ƙara kawai, kamar ana jan gado. Alhaji Bawa zai koma gida yau, shi ne na yi wa Inna saƙo a kai. Halas, shi ke nan, ya yi amfani."

Ya karɓa, ya kunna. Inda jirgi ya kamata ya yi kuka, Bashira ce ke gaida dangi ɗaya bayan ɗaya. Ya juya ɗaya gefen kaset ɗin. Gaisuwa. Sai can ƙarshe muryarta ta ɗauke, gurmin ya taso siriri, bai fi minti guda ba.

"Wannan wurin na bar maka, Yaya. Yalla, maza gaida Inna, rabonta da muryarka ya daɗe."

Ya manna kunnen dama a jikin rikodar har zaren ya ƙare. Rabin kiɗan kawai ya iya ji.

"Bar shi haka. A ce mata ni ne."

"Haba Yaya! Ai cewa za ta yi rediyonta ya mutu."

Ya ajiye biron a kan tabarma, ya ɗauki gammonsa, ya fita.